Gidan da Na Saya Daga Zaure

Buhun albasa biyu da tunkiyar matata Kulu, su ne kuɗin motar da sunka kai ni Ikko. Tunkiyar ma da ciki. Ban roƙi Kulu ba, ita da kanta ta aika anka kai ta kasuwar Aliero, ta kawo kuɗin ƙulle a bakin zane ta aje mini kan tabarma. Abin da ta ce kawai, "Malam, in Allah Ya buɗa, ina son gidan da zan ce nawa." Lokacin muna ɗaki guda cikin gidan yayana Bawa, nan Danwarai, mu da ɗiya biyu da akwati da buhunan gero. Bawa bai taɓa yi mana gori ba, kada in ɗauki alhakinsa. Amma mace ta girka tuwo shekara da shekaru a murhun wata, ko ba a ce mata komai ba tana ji a jikinta.

Kai Nasiru, ci gaba da tsintar albasarka, ba da hannu ake saurare ba. Dominka nake wannan magana. Jiya na ji ka a majalisa kana cewa ci-rani biyu za ka yi ka sayi gida a Jega, Bashiru yana ta zuga ka. To ni sha huɗu na yi, kuma na sayi gidan. Ku bari in gaya muku irin sayen da na yi.

Bisa lodin albasa munka tafi, kwana biyu rana na gasa mu daga sama, albasa na turara mu daga ƙasa. Da munka sauka ko kare ba ya son kusantarmu. Na fara da dako, buhu a ka daga mota zuwa rumfa, har tsakar kaina ta yi sanƙon da kuke gani kuna cewa na tsufa ne. Can kuma ba wanda ya damu da sunanka. Sunana Labbo ya mutu a tashar Jega, sai "aboki". Wanda ke zaginka aboki zai ce, wanda ya taka maka ƙafa aboki zai ce, ɗan sandan da ke lalubar aljihunka shi ma aboki. Ban taɓa ganin garin da abota ta yi arha haka ba.

Wurin kwana kuwa, akwai wani irin gida da suke kira fes-mi-ai-fes-yu. Ɗakuna ne jere suna hararar juna, siririn lungu a tsakiya, bayi ɗaya tal ga mutum sun fi hamsin. Mu shida munka haɗa kuɗi. Kafin ka ga ɗakin sai ka bi ta hannun ejan, dillali ne kawai da ya ɗaura igiya a wuya. Ya jero mana kuɗin haya na shekara, da na agirimen, da na kwamishan. Na ce, "Wane kwamishinan? Shi ma cikin ɗakin zai kwana?" Mutanen wurin sunka yi ta dariya, ni ko da gaske nake tambaya.

Mai gidan muna ce masa Baba Landilo, tsoho mai ƙaton tumbi da tawul a wuya. Ya iya Hausa ta zagi kaɗai. Wata safiya ina alwala a lungu sai ga shi.

"Aboki! Ruwa, ruwa, kullum ruwa! Kai kifi ne?"

"Salla zan yi, Baba."

"Ɗaki na warin albasa. Za ka biya damej."

"Albasar da matarka ke karɓa kyauta kullum?"

Washegari ya manna mana takarda a ƙofa, wai kwit notis, mu fita. Sai da munka ba shi haƙuri da rabin kwando sannan ya ɓalle ta. Komai nasu takarda. Ka biya, takarda. Ka yi tari, takarda. Tun daga nan na tsani takarda, na ɗauke ta abin mutanen da ba su yarda da juna ba. Ku riƙe wannan, nan ciwon ya soma.

Da wuyana ya gaza dako na koma gadi, gidan wani Oga da ke ƙasar waje rabin shekara. Jikin katangar an yi wani rubutu da jan fenti, manyan baƙaƙe. Na tambayi direbansa me aka rubuta, ya ce, "Dis haus is not fo sel." Wai gidan nan ba na sayarwa ba ne. Na ce to wa ya tambaye shi? Ya ce a garin nan sai ka yi tafiya ka dawo ka iske wani ya sayar da gidanka, mai saye har ya sa labule. Wallahi na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce Allah Ya tsare mu da zama irin naku. Mu can gida mun san juna har kakanni, wa zai sayar da abin da ba nasa ba ya kuma shiga sahu a masallaci? Direban ya yi mini wani irin kallo. Yanzu in na tuna kallon nan sai in ji kamar in nutse.

Gadin ma bai daɗe ba. Ogan ya dawo ya iske na tafi Juma'a.

"Wa ya ba ka famishan?"

"Wanda ya halicce mu ni da kai."

"Zan yanke albashinka."

"Yanke duka, ga makullinka."

Ina da zuciya lokacin, ba kamar yanzu da ta mutu ba. Na sayi baro na shiga tallan albasa unguwa-unguwa, kuma nan Allah Ya buɗa. Ɗan ƙasarmu ta Aliero ba a koya masa albasa. Ina ɗaga ta in san wadda za ta yi wata da wadda za ta ruɓe jibi. Daga baro na samu tebur, daga tebur na samu 'yar rumfa. Ban sha shayi da madara ba, ban sayi waya mai shafawa ba sai can baya. Garin kwaki da ƙuli, su sunka raine ni. Da fari duk damina nake dawowa noma, daga baya sai salla zuwa salla. Akwai zuwan da na yi autata ta gan ni ta ruga bayan uwarta tana kuka, wai baƙo ya shigo. Na yi dariya a gabansu, amma abin ya soke ni.

Shekara ta sha huɗu anka yi mini waya Malam Isiyaku ya rasu. Ku ba ku san shi ba. A zaurensa na Jega na yi karatun allo tun ina ɗan ƙarami, shi ya kai ni har izu ashirin kafin noma ya janye ni. Na hawo mota na zo ta'aziyya. Bayan addu'ar bakwai, mutane sun watse, babban ɗansa Sa'idu ya riƙe mini hannu. Tare munka yi karatu da shi, bulala ɗaya ta dake mu.

Ya ce, "Labbo, na ji kana biɗar gida cikin Jega."

Na ce, "Ina biɗa, in na samu daidai ƙarfina."

Ya ce, "Gidan ga za mu saisuwa. Mun zamna mun yanke, a sai da a raba kuɗi kowa shi huta. Kuma mun hi son shi hwaɗa hannun ɗalibin Malam da hannun baƙo."

Kun ji kalmar? "Mun." 'Yar ƙaramar kalma, ko numfashi ba ta ci. Da na buɗe baki na ce, "Ku su wa?" da yau ba nan nake zaune ina tsintar albasar wani ba. Amma yaya zan tambayi ɗan malamina, kwana bakwai da binne ubansa, kamar ina tuhumarsa? Kunya ta rufe mini baki, daɗi kuma ya rufe mini ido. Gidan Malam! Kusa da kasuwa, kusa da asibiti, ga makarantar boko a bayansa.

To ga inda wautar take. Ban shiga gidan ba. I, Bashiru, buɗe bakinka da kyau, ban shiga ba. Gidan malamai ne, ba a shiga, tun muna yara iyakarmu zaure. Ga kuma matar Malam, Inna Ige, tana cikin takaba. Wane ƙato ne zai kutsa kan mace mai takaba wai yana duba ɗakuna? Sa'idu da kansa ya ce, "Ka ga halin da a ciki. In ka matsa sai in sa su kawar da kai ka leƙa." Na ce subhanallahi, a'a, ba ni ba. Sai ya share ƙasar zauren da tafin hannu ya zana mini da yatsa. Nan ɗaki huɗu, nan madafa, nan rijiya, nan bayi. Na fita na zagaya katanga ina ƙirga taku, na ɗaga kai na ƙirga rufin kwano. Ni da ba na sayen buhun albasa sai na zazzage shi ƙasa na ga ta gindi, na sayi gida da zanen yatsa.

Na tambaya dai, "Inna fa?" Ya ce, "Da ta hita takaba za ta koma Gumbin Kure wajen danginta, ita tac ce haka." Shi ke nan na gamsu. Miliyan uku da rabi munka tsaya. Abin da na tara bai kai ba, sai na sayar da 'yar fadamata ta gado, wadda nake samun albasar rani a cikinta, na cika. Bawa ya ce, "Labbo, kada ka taɓa fadama." Na ce mai gida a Jega me zai yi da laka? Shaidu biyu, duka abokan Sa'idu. Ni ban zo da kowa ba, don kada magana ta fita a yi mini baki. Ɗaya cikin shaidun ma, wani dillali, cewa ya yi a je wajen mai unguwa ya sa hannu, ni da bakina na ce ba sai an je ba, nan ba Ikko ba ce. Anka yage takarda daga littafin makaranta anka rubuta layi huɗu, anka shafa fatiha. Na tura wa Sa'idu kuɗin gaba ɗaya a zaune, ko sisi ban riƙe ba.

Kulu kuwa ban gaya mata ba. Wai so nake in ba ta mamaki. Kuma, in faɗi gaskiya, a raina sayen gida maganar maza ce, mace sai dai a kai ta ta share. Na koma Ikko na sayar da rumfa da baro, na yi sallama da mutane. Na je har gaban Baba Landilo na ce masa, "Ni ma yanzu landilo ne." Ya ce, "Kongiraleshan, aboki." Duk sati ina kiran Sa'idu, yana cewa an kusa, ana ta haɗa kaya. Da wata biyar ya cika ya ce in zo ranar Asabar, gida ya zama nawa.

Sai ana saura kwana uku na gaya wa Kulu. Ta zauna bakin gado ta rufe fuska da gyale tana kuka, ni ko bakina har kunne. Ranar Asabar na ɗauko a-kori-kura, anka loda gado da katifa da tukwane da turmi. Matan unguwa sunka fito suna guɗa, wata na cewa Kulu ta zama 'yar birni, kada ta manta da su. Kai Nasiru kana cikin masu ɗaura igiya, ko ka manta? Tun safe nake kiran Sa'idu wayarsa a kashe, na ce matsalar sabis ce.

Muna isa ƙofar gidan na ji daka. Luguden taɓarya biyu, da muryar yara, hayaƙi na tashi ta bayan katanga. Na yi ta maza na ce wa Kulu wataƙila masu shara ne, ta shiga ta gani. Ni na tsaya a zaure, inda na saba tsayawa. Ta shiga da sallama, da faranti a hannu. Abin da ya faru ciki, ita ta ba ni labari daga baya.

Ta iske tsohuwa kan tabarma tana tsintar wake, 'ya'yanta mata biyu suna daka. Tsohuwar ta ce, "Maraba. Baƙuwa daga ina?"

Kulu ta ce, "Daga Danwarai, Inna. Matar Labbo ce, wanda yas sayi gida."

"Wane gida?"

"Wanga."

Taɓarya ta tsaya. Tsohuwar ta aje faifai ta ce, "Ɗiyata, wa yas sai da? Ni nan anka kawo ni ina da shekara sha biyar, nan Malam yab bar ni. Ba wanda yah hwaɗa mini komi."

Ban san minti nawa Kulu ta yi ciki ba. Ta fito ba ta dube ni ba, ta wuce ta hau gaban mota ta zauna. Cikin gida kuwa sai salati da kuka. Kafin ka ce me, unguwa ta cika. Mai unguwar da na ƙi zuwa wajensa ya zo da kansa, ya karanta 'yar takardata ya ninke ya miƙo mini. Ya ce, "Bawan Allah, gidana ga shi can, taku arba'in. Da ka zo ko gaisuwa, da na hwaɗa maka ba a raba gadon ga ba." Ko igiya ba mu kwance ba. Kafin la'asar motar ta sake shiga Danwarai da kayan yadda ta fita da su, matan da sunka yi guɗa suna leƙe ta kan katanga. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji.

Munka je kotu. Anka nemo Sa'idu a Maiyama wajen wani abokinsa, ya rame kamar ya tashi daga ciwo. Kuɗin ya sayi tsohuwar babbar mota da su, wai zai yi jigilar albasa ya mayar wa 'yan'uwansa kasonsu da riba kafin su farga. Tafiya ta biyu inji ya buga a hanya, ya sayar da ita a kuɗin ƙarfe. Alƙali ya ɗauki alƙalami ya ja layi takwas a takarda ya juyo da ita gabana. Ya ce Malam ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Layi ɗaya na tsohuwa, tumuninta. Uku na 'ya'ya mata. Biyu na ƙanen Sa'idu da ke karatu, shi ma bai san komai ba. Biyu na Sa'idu.

Ya ce, "Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba. Takwas ka biya, biyu ka saya. Kafin ka biya, ka nemi takardar rabon gado?"

Na ce a'a.

"Ka ji daga bakin sauran magada?"

Na ce a'a.

"Ka shiga gidan?"

Na ce iyakata zaure. Wani a bayana ya yi dariya, alƙali ya tsawata masa.

Anka ce Sa'idu ya biya ni sauran. Da me? Wasu sunka ce in sa a ɗaure shi. In ɗaure ɗan Malam Isiyaku, in ci me? Yanzu in ya samu ya aiko da ɗan abin da ko buhun taki bai saya. Da anka zo fitar da kason Sa'idu, masu ƙima sunka auna sunka ce zaure da shagon da ke manne da shi, su ne kashi biyu cikin takwas. Ka ji adalci. Abin da na gani da idona, shi ɗin dai anka ba ni. Zauren kuma ba ni da ikon rufe shi, don ta nan mutanen gida ke shiga da fita. Shagon ko gado biyu ba ya ci, wani mai gyaran waya na saka a ciki.

Saboda haka Nasiru, in ka tara kuɗinka, Allah Ya sa ka tara, ka ji abin da zan ce. Duk wanda ya ce maka "mun yanke", ka sa shi ya lissafo su da suna, ka bi su ɗaya-ɗaya, har wadda ke aure can ƙauyen Liba. Gidan gado in babu takardar rabo daga kotu, ko kyauta anka ba ka ka ce sai ka yi shawara. Ka gaida mai unguwa, ka gaida maƙwabta, su ba su da riba a cinikin, za su gaya maka har inda ruwa ke kwanciya da damina. Ka je da shaidunka, ka riƙe wani abu a hannu sai ka karɓi makulli ka iske ɗakuna wayam. Kuma kada kunya ta hana ka tambaya. Ni kunyar minti ɗaya na guje wa, ga ni ina shan ta shekara uku. Inda kuma kai ba ka iya shiga, kana da uwa, kana da ƙanwa, gobe za ka yi mata. Ka saya mata goro ka ce ta shiga ta gaida mutanen gida. Mata ba su zama rabin sa'a tare ba su san abin da ke cikin gida ba.

Kulu ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Tana nan ɗakin nan dai na gidan Bawa, ta mayar da gado inda yake, ta jera tukwanenta. Sau ɗaya ta yi maganar, muna cin tuwo. Ta ce, "Tsohuwar nan da an tambaye ta da ta faɗa. Ni ma da an aike ni da na tambaya." Na tsame hannuna daga tuwon.

Har yau ɗin nan ban ga tsakar gidan ba. In na je karɓar kuɗin shago, a zaurena nake tsayawa in yi sallama, a amsa mini daga ciki. Bara da rani abin ya dame ni, na daure na tambayi Kulu. Na ce, "Wai ni kam, cikin gidan nan yaya yake?"

Ta gama goge tukunyar da ke hannunta ta aje. Sannan ta ce, "Yana da kyau, Malam. Da faɗi. Akwai lemun tsami bakin rijiya. Ɗakin gabas na da taga biyu. Kafin tsohuwar ta ɗago kai, har na zaɓe shi."